'Yan Rakiyar Albasa

Da sunan Allah nake farawa, Mai fitar da ɗanyen tsiro daga busasshiyar ƙasa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Kai Sani, da kai Habu, kun zauna a zauren nan nawa, kun sha furata, sannan kuka roƙe ni in ba ku fadamata ta Surko ku noma, tun da ƙafa da shekaru sun zaunar da ni. Ban amsa muku ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne maganar da Sani ya yi yana lasar ludayi, cewa noman albasa ai wasan ruwa ne, wanda ya iya huɗar dawa a tudu ba zai kasa shi ba. Ku jikokina ne, 'ya'yan 'yata ta fari, tsakanina da ku akwai wasa, saboda haka zan faɗa muku abin da ba zan iya faɗa wa ubanku ba ko da wuƙa a wuyana. Labarin wata albasa ce da aka ba ni amanarta.

Ni ɗan gidan malamai ne a Birnin Kudu. Na yi sauka, na zauna gaban manya na karanta abin da Allah Ya nufe ni da shi na fiƙihu, kafin in taɓa kama fartanya da niyyar sana'a. Mahaifina ne ya ga ya kamata ɗa ɗaya a cikinmu ya ci daga hannunsa, ya aika ni Gwaram wurin wani dattijo mai lambu, Baba Tanko. Wannan tun ana rufe ƙofar ganuwa da la'asar saboda mahara daga duwatsun kudu. Na faɗi wannan ne don ku san ba rashin abin yi ya kai ni fadama ba, kuma ba jahili ke yi muku magana ba.

Jan jigo shi ne aiki na farko da ya ba ni, kuma shi kaɗai na yi ranina na fari. Itace ne dogo a kan gwafa, guga a kai ɗaya, curin laka a ɗaya kan. Wanda bai sani ba zai ce nauyin lakar ne ke yin aikin. Nauyin lakar yana ɗago guga, amma kai za ka danna shi cikin rijiya, kai za ka karkata shi a bakin magudana ba tare da ka zubar da rabi a ƙafarka ba, tun hantsi har ƙugu ya daina jin kansa. In ka sako ruwa da ƙarfi ya kwashe ƙasar gindin dashe. In ka sako da sanyi fangalin ƙarshe ya kwana da ƙishi. Baba Tanko ba ya duba ruwan, kunne yake kasawa daga inda yake, ya ce mini na yi gaggawa ko na yi lalaci, kuma ban taɓa kama shi da kuskure ba.

Yanka fangali ya biyo baya, wato ɗan filin da ake kewayewa da kunya don ya riƙe ruwa. Dole cikinsa ya kwanta daidai, domin albasa ba ta yafe wa kwari, ba ta kuma yafe wa tudu. Ana zuba kashin awaki wanda ya shekara, da toka, da kashin tantabara in an samu, a gauraya, a ba shi ruwa ya huce. Sannan dashe: a tsaga da tsinke, a sa tsiro iyakar farin gindinsa, a danne da babban yatsa. Wanda ya binne shi da zurfi zai girbe albasa mai kaurin wuya, wadda ba ta kai damina. Duk wannan mai hankali zai koya a rani biyu. Abin da ba a koya da sauri shi ne abin da ake shukawa a kan kunya.

Ranar da Baba Tanko ya fara nuna mini wannan, ya tsuguna ya buɗe ganyen wata albasa ta maƙwabcinmu da yatsa, daidai inda ganye ke haɗuwa da ɗan'uwansa, ya kaɗa shi a kan hannun baƙar rigarsa. Sai ga wasu abubuwa kamar ɓarɓashin dusa suna tafiya. Mu masu lambu ƙwarƙwatar albasa muke ce musu. Ba sa cin ganye a gani kamar fara. A wuya suke ɓuya suna tsotsa, ganye ya yi fari-fari kamar an goga masa alli, bakinsa ya nannaɗe ya bushe, ƙwayar ta tsaya da girma. Da ɗari ba su da ƙarfi. Ranar da sanyi ya ɗaga aka fara jin zafin bazara, sai iska ta kwaso su daga lambu zuwa lambu.

Maganinsu ba a cikin fangali yake ba, a kan kunya yake. A gefen da iska ke fitowa ana jera rama da kuɓewa, su yi tsawo su tare. A kusurwoyi ɗaɗɗoya. A bakin magudana alayyafo, domin ƙwari da yawa sun fi son taushinsa, kuma a cikinsa gizo-gizo da wani ɗan ƙwaro mai jan baya suke zama suna cin na cikin albasa. A kan sauran kunyoyin duka kuwa gasaya, wadda ita ce babba a cikinsu. Warinta da danƙon ganyenta suna rikita ƙwarƙwatar, ta rasa inda albasa take. Ba a barinta ta yi inuwa, kullum ana tsinke kanta, mata su dafa su yi kwaɗo. Waɗannan duka Baba Tanko yana kiransu 'yan rakiya. Yakan ce albasa matafiyiya ce mai dukiya, ba a sakinta a hanya ita kaɗai. Ni ma da sunan na san su, da shi nake kiransu, haka kowane mai lambu daga Gwaram har Surko. Mutumin tudu kuwa in ya ga kunyar lambu ta yi duhu da gasaya, ciyawa yake gani, ya ce mai wurin rago ne. A tudu gasaya a juji take fitowa, ba wanda ya taɓa shuka ta da hannu.

Da zan bar Gwaram, Baba Tanko ya ba ni iri a ɗan ƙoƙo. Albasa ce ja, mai siririn wuya, wadda shi ma ya karɓa daga wanda ya koya masa. Ba ta fi sauran girma ba, amma in ta bushe wuyanta rufewa yake yi ruf, sai ta ƙetare damina a rumfa ba ta ruɓe ba. Fataken da ke kai kaya Kano sun santa da ido. Sukan zo da jakuna bayan ruwa ya sauka, sa'ad da albasar kowa ta zama ruwa, su tsuguna a ƙofar rumfata kamar masu neman aure. Akwai wani madugu mai tsaurin ciniki da yakan matsa wuyan kowace ɗaya da yatsa yana neman aibi, in ya rasa sai ya ce launinta ne bai yi masa ba, sannan ya cika mangala. Matan Birnin Kudu kuma lawashinta suke jira, su daka su cura gabu, su ce nata ya fi kama miya.

Riƙon irin albasa ba kamar na dawa ba ne, da za ka rataya zangarniya ka manta. Ƙwayar irin albasa in ta wuce shekara ta mutu. Kowace shekara sai ka zaɓi iyaye a cikin girbi, masu ƙarfi, masu rufaffen wuya, ka tsare su duk damina, ka yanke kansu ka binne a fangalinsu daban, nesa da albasar maƙwabta. Su fitar da kara, su yi farin fure, furen ya ɗaure baƙar ƙwaya. In shekara ɗaya ta kuɓuce maka, abin da aka riƙe tun kakanni ya yanke a hannunka. Na ba maƙwabta irin nan ba sau ɗaya ba. Suka shuka shi kusa da nasu, furanni suka gauraya, kafin a jima wuyanta ya yi kauri a hannunsu. Tsantsarta a wurina kaɗai ta rage a wannan yanki, a fangalolin can ƙarshen lambu, bayan jigo.

Shekarar da uwarku ta tare a Sundimina, kurkunu ya kama ni a ƙafar dama. Ba lokacinsa ba ne, amma ya zo, ya kumbura ni har gwiwa, na kwanta ana naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan. Ina da mutum biyu masu jan jigo, sun san aikinsu, lambu bai rasa ruwa ba. Albasa ta yi kyau a shekarar, iyayen sun fitar da kara, 'yan rakiya sun yi lif a kan kunya, ɗari kuma yana shirin tafiya.

Ubanku ya ji surukinsa na kwance. Manomin tudu ne na gaske, ba na rage masa wannan, kuma da rani ba shi da aiki. Wani ya faɗa masa ya wuce ta Surko ya ga lambuna ciyawa ta cinye shi. Sai ya tara gayya, 'yan'uwansa da abokansa da makaɗi, ba tare da ya aiko ba, don kada in hana shi saboda kara. Suka zo ranar da mutanena biyu suka kai lawashi kasuwar Gwaram. Ba kowa a lambun da zai ce musu a'a.

Labari ya iske ni rana ta ɗaga. Taubashina Gambo, marini ne a cikin gari, bai taɓa taka fadama ba sai don wanka, shi ya shigo yana dariya, ya ce in tashi in ga abin arziki, suruki ya fitar da ni kunya. Na sa ya ɗora ni a jaki, ya ja ni har gindin tsamiyar da ke kan tudu, inda ake hango lambun duka. Ya sauke ni a nan. Kusa da haka ba zan matsa ba. Ku yaran yanzu kuna ganin abin wasa ne, amma mijin 'yar fari ba a haɗa ido da shi, ba a kiran sunansa, balle a tsaya a kansa a gaban abokansa a ce ya ɓata aikin da ya kawo kyauta.

Na duba. Rabin lambun daga bakin rafi ya zama fes. Kunyoyi tsirara, an kankare su har suna ƙyalli, gasaya da alayyafo da ɗaɗɗoya an tara su tsibi-tsibi a gefe, rama an sare ta. Albasa tsaye ita kaɗai cikin rana. Mutanen suna zaune suna shan kunu, ganga ta yi shiru. Fangalolin iri na bayan jigo ba a kai gare su ba.

Na ce wa Gambo, "Sauka ka gaishe shi. Ka ce na gode, Allah Ya yi albarka, amma a bar 'yan rakiya."

"Shi ke nan saƙon?"

"Shi ke nan. Ka faɗa kamar yadda na faɗa, kada ka ƙara gishirinka."

Ya ce shi ba ya ƙara gishiri sai a maganar da ba ta da ɗanɗano, irin tawa. Ya haye jakin ya gangara.

Ina kallo ya isa, ya yi magana, ubanku ya miƙe ya juyo wajen tsamiya ya durƙusa daga nesa. Sai na ga waɗanda suka riga suka rataya fartanya a kafaɗa suna saukewa. Ganga ta tashi da ƙarfin da ya fi na da. Suka jeru, suka nufi bayan jigo da gudu, ana rige-rige. Na ɗaga hannun riga ina kaɗawa. Makaɗin ya hango, ya ɗauka jinjina ce, ya juya kiɗan ya kama yi mini kirari. Gambo ya ɗaure jakin a can, ya karɓi fartanyar wani yana tayawa, shi da bai san bambancin albasa da tafarnuwa ba sai a miya. Na yunƙura in tashi, ƙafar ta ƙi. Ihu kuwa da sunan suruki, a bainar jama'a, ba a yi ba a gidanmu, kuma ko na yi ganga ba za ta bari a ji ba. Kafin azahar ba sauran ganye ɗaya a kan kunya.

Gambo ya hauro yana share gumi, ya ce, "Ka ga amfanin aike na gari? Ashe har ya sallami abokan da suka rako shi, za su kama hanya saboda nisa, ya ce sauran a bar maka sai ka warke. Na ce a'a, surukinka ya ce a bar 'yan rakiya, kada ko ɗaya ya tafi. Ka ga daɗin da yaron ya ji?"

Na ce, "Gambo, 'yan rakiya su ne waɗancan da ke tsibi."

Ya dubi tsibin, ya dube ni. Na bayyana masa a taƙaice. Sai ya ce, "To kai ma, wa ya ce ka raɗa wa ganyen miya sunan mutane? Yau kunyar suruki ta cinye kunyar lambu."

Ubanku ya matso ya tsuguna can gefe, fuskarsa a ƙasa, ya yi gaisuwa, ya ce a yi haƙuri da ɗan abin da aka samu yi. Na kau da kai kamar yadda ya kamata, na sa masa albarka, na sa wa iyayensa. Na aika gida aka kawo goro aka raba. Ya tafi yana ganin ya yi abin da ba a taɓa yi wa suruki ba a ƙasar nan, kuma gaskiyarsa.

Sake shuka gasaya shi ne aikin washegari, ina zaune a kan tabarma a bakin fangali ina nuna wa mutanena. Amma iri ba ya jin gaggawar mai shi. Tana leƙowa da ganye biyu zafi ya sauko, iska ta juyo daga lambunan maƙwabta, ba rama da za ta tare. Na buɗe wuyan albasa na kaɗa a hannun riga, na ga abin da na san zan gani. Muka barbaɗa toka da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba. Muka jiƙa ganyen taba muka yayyafa da tsintsiya, fangali bayan fangali, har hannuwan mutanen suka yi ɗaci. Toka da taba suna kashe na waje, na cikin wuya kuwa ba abin da ke kai musu. Lambu ya yi fari kamar kan tsoho. Karan iyayen ya lanƙwashe, furen ya buɗe rabi-rabi ya ƙone.

Gwajin iri a ƙwarya ake yi. A murje busasshen fure a tafi, a hure ƙaiƙayin, a zuba ƙwayar a ruwa. Mai rai takan nutse, fanko ta taso. Na murje abin da na samu duka na zuba. Fuskar ruwan ta yi baƙi, gindin ƙwaryar kuwa ina ganinsa fari tas. Na juya ga girbin shekarar ko zan sami iyaye. Ƙanana ne, wuyansu a buɗe saboda raunin ganye, na zaɓi na zaɓa na jera a rumfa, ina juya su kullum. Damina ba ta raba ba wari ya kore mu daga tsakar gida. Guntun tsohon iri da ya rage a ƙoƙo na shuka shi da kaka, ko tsinke bai fito ba.

Da ƙafa ta warke na tafi Gwaram. Baba Tanko ya daɗe da rasuwa, na sani, amma na sa rai ga 'ya'yansa. Na iske sun mai da fadamar ta taba da alkama, sun ce albasa wahalarta ta fi ribarta. Na nemi ganin tsohuwar matarsa, aka yi mini iso, na gaishe ta na faɗi abin da ya kawo ni, ko akwai wani a garin da ya riƙe mai siririn wuya. Ta ce, "Ai Malam, mu nan cewa muke yi tana wurinka. Bana ma na ce a aika a roƙo mini 'yar kaɗan in gani kafin in mutu."

Na dawo na sayi iri irin na kowa. Na ci gaba da noma har ƙarfina ya ƙare, 'yan rakiya a kan kowace kunya, ƙwarƙwata ba ta sake yi mini irin wannan ɓarna ba, kuma ba wanda ya fi ni albasa a Surko. Amma tawa ma da damina ruɓewa take kamar ta kowa. Madugun nan ya zo shekara biyu yana tambaya, daga nan ya daina biyowa ta hanyarmu. Gambo ya riƙe bakinsa har ya koma ga Allah, wannan kaɗai na yaba masa. Uwarku ma ba ta sani ba.

Wannan ita ce sana'ar da Sani ya kira wasan ruwa. Jarumai ne suka shiga lambun nan, kowannensu ya fi ku ƙarfi, ya fi ku iya fartanya, da kyakkyawar niyya da kiɗa, suka kashe a wuni guda abin da dattawa suka riƙa miƙa wa juna hannu da hannu, kuma ba su taɓa albasa ko ɗaya ba.

Fadamar zan ba ku. Amma ranin farko jigo za ku ja, ni kuma za a ɗora ni a jaki a kai ni bakin fangali, ba gindin tsamiya ba, kuma ku ba surukaina ba ne, duk wanda ya kai hannu kan kunya zai ji muryata har Sundimina. Abin da kuka ji yau ya tsaya a zauren nan. Kun ce ubanku ya ce ku tambaye ni ko ya tara mutane su zo su share muku wurin kafin ku fara. Ku gaishe shi da kyau. Ku ce na gode, Allah Ya saka masa da alheri, aikin da ya yi mini wancan karo ya ishe ni har kabari.